Rufe Ido Don a Ga Gaskiya: Asalin Al'adar Jarraba Magani a Ɓoye

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da wannan magana a kasuwa ko a gaban alƙali, domin wanda ya ce ya gani da idonsa ya fi wanda ya ce an gaya masa ƙarfin hujja. Amma akwai wata sana'a guda, wato likitanci, wadda ma'abotanta, bayan sun shafe ƙarnuka suna dogara ga abin da idanunsu suka nuna musu, suka wayi gari sun tabbata cewa shi kansa ganin yana bukatar wanda zai shaide shi, har suka kafa wata al'ada da za ta ba baƙo mamaki: idan za a jarraba sabon magani, sai a tanadi wani abu mai kama da shi sak wanda babu kome a cikinsa, a raba majiyyata kashi biyu, a ɓoye musu wanda aka ba kowa, a ɓoye wa likitan da ke miƙa musu, sa'an nan a zauna a ƙidaya waɗanda suka sami sauƙi a kowane ɓangare. Yawancin sababbin magungunan da ke shiga kanti a zamaninmu sai sun ratsa ta wannan ƙofa. Wanda ya bi sawun al'adar kuwa zai iske ta a birnin Paris cikin shekarar 1784, a lambun wani dattijo ɗan Amurka, kuma zai yi ta karo da masana taurari a cikin labarin.

Kafin a kai ga Paris, adalci ne a ambaci hakimai biyu na Musulunci, domin kowannensu ya riƙe gefe ɗaya na igiyar da aka zo aka ƙulla daga baya. Abubakar ar-Razi, likitan Rayyu da Bagadaza wanda ya rasu a shekarar 925, ya ba da labari a cikin babban kundinsa al-Hawi cewa da ya so ya san ko tsaga jijiya a fitar da jini na da amfani ga masu ciwon da suke kira sirsami, wanda alamunsa suka yi kama da na sanƙarau, sai ya yi wa wata ƙungiya tsagar, ya bar wata da gangan bai yi mata ba, don ya gwada ra'ayinsa da abin da zai biyo baya. Ko da yake likitocin yau ba su bin wannan magani nasa, dabarar da ya yi ta barin wasu don a sami abin kwatantawa ita ce tushen kowane gwaji. Shi kuwa Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, bayan sharuɗɗa 7 da ya gindaya a cikin al-Ƙanun na yadda ake sanin ƙarfin magani ta hanyar jarrabawa, ya kawo wani misali a bahasinsa na rai wanda kowane yaro zai gane: idan aka shimfiɗa gungumen itace a ƙasa, mutum zai taka shi daga wannan baki zuwa wancan ba tare da ya ko lura ba, amma idan aka ɗora wannan gungumen a kan rami mai zurfi, da ƙyar zai iya rarrafawa a kansa, domin surar faɗuwa ta zanu a zuciyarsa, gaɓɓansa kuma sun yi mata biyayya. Wannan ƙarfi shi ne malamai ke kira wahami. Sun san yana sa cuta, sun san yana kawo sauƙi. Abin da ya rage shi ne hanyar da za a raba aikinsa da aikin magani a jikin mutum ɗaya.

Mutumin da ya tilasta wa duniya neman wannan hanya, ba tare da ya yi nufi ba, shi ne Franz Anton Mesmer, wanda aka haifa a shekarar 1734 a wani ƙauye na gaɓar tafkin Konstanz a ƙasar Jamus ta yau. Ya karanci likitanci a Biyana, babban birnin Ostiriya, kuma risalar da ya gabatar don samun digirinsa a shekarar 1766 a kan tasirin taurari masu tafiya ga jikin ɗan Adam take. Bai ɗauki kansa mai duba ko munajjimi ba. A ganinsa almajirin masanin kimiyya Newton ne shi. Hujjarsa ita ce, tun da an tabbatar wata da rana suna jan ruwan teku har ya cika ya janye, to lalle akwai wani siririn abu mai kwarara da ya cika sararin halitta, wanda yake ratsa jijiyoyin mutum, ya sa su ma su riƙa cika suna janyewa, lafiya ta samu idan yana gudana daidai, cuta ta auku idan ya toshe. A shekarar 1774 wani limamin Kirista mai suna Maximilian Hell, shugaban ɗakin duban taurari na Biyana, wanda shekaru biyar kafin nan ya yi tafiya har can ƙuryar arewacin Norwe don ya ga wucewar Zuhura ta fuskar rana, ya ba shi wasu ƙarafan maganaɗisu da aka ƙera, Mesmer ya ɗora su a jikin wata budurwa mai fama da bugewa da suma, ita kuwa ta ce ta ji wani abu yana gudana a cikinta, ta sami sauƙi na wasu sa'o'i. Ba a daɗe ba Mesmer ya lura cewa ko babu ƙarfen, hannunsa kaɗai na yin wannan aiki. A nan hanya ta rabu biyu a gabansa: ko ya ce ashe ƙarfen ba ya yin kome, zuciyar majiyyaciyar ce ke aiki, ko kuwa ya ce ashe maganaɗisun a jikinsa yake. Sai ya zaɓi ta biyu, ya raɗa wa abin suna maganaɗisun masu rai.

Bayan wata rigima da ta tashi a shekarar 1777 a kan wata makauniya mai kiɗa, Maria Theresia Paradis, wadda ya ce ya buɗe mata ido, iyayenta da likitocin gari suka juya masa baya, sai ya bar Biyana ya sauka Paris a farkon shekarar 1778. A can kasuwarsa ta buɗe har majiyyata suka fi ƙarfin hannuwansa biyu, don haka ya ƙirƙiro wani ƙaton baho na katako mai murfi, a cikinsa ruwa da kwalabe da garin ƙarfe, daga murfin kuma sandunan ƙarfe masu lanƙwasa sun fito, kowane majiyyaci ya kama ɗaya ya dafa ta a inda ke masa ciwo. Sukan zauna su kewaye bahon, igiya ɗaya ta zagaye su duka, an saki labule ɗakin ya yi duhu-duhu, ana kaɗa wani abin kiɗa na gilashi mai siririyar murya, shi kuwa mai maganin yana zagawa da sanda a hannu, ya tsura wa wannan ido, ya shafa wancan. Can sai ɗaya ya soma tari, wata ta soma hamma, wata ta ɓarke da dariya ko kuka, har wani ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, a ɗauke shi zuwa wani ɗaki da aka shimfiɗe da katifu. Wannan faɗuwa ita ce Mesmer ya ce alamar toshiyar ta buɗe. Manyan gari suka yi ta tururuwa, har wasu suka biya zinariya 100 kowannensu don a koya musu asirin, cikinsu har da Lafayette, sojan nan da ya taimaki Amurkawa yaƙin neman 'yanci.

Da abin ya cika gari, Sarki Louis na 16 ya naɗa kwamitin bincike a watan Maris na shekarar 1784, likitoci 4 da masana 5 daga majalisar ilmi ta ƙasar. A cikinsu akwai Benjamin Franklin, jakadan Amurka, dattijo ɗan shekara 78, wanda ya yi suna a binciken lantarki, kuma shi ne ma ya ƙirƙiro abin kiɗan gilashin da ake kaɗawa a ɗakin Mesmer. Akwai Antoine Lavoisier, wanda ake ɗauka uban ilmin kimiyyar sinadarai na zamani. Akwai likita Guillotin. Akwai kuma Jean-Sylvain Bailly, masanin falaki, wanda ya lissafa hanyar tauraro mai wutsiya na Halley lokacin da ya dawo a shekarar 1759, ya yi shekaru yana bin watannin Mushtari, ya kuma rubuta tarihin ilmin taurari, shi aka ɗora wa alhakin tsara rahoton. Mesmer ya ƙi ba da haɗin kai, amma babban almajirinsa Charles Deslon, likitan ƙanin sarki, mutumin da ya gaskata abin har zuciyarsa, ya buɗe musu ƙofarsa.

Ina ganin hikima ce babba da aka sa masanin taurari a wannan aiki, domin babu sana'ar da ta fi tasu sanin yaudarar ido. Wanda ya taɓa tsayawa a bayan gari da magariba a daren 29 ga Sha'aban, jama'a sun zuba ido yamma, kowa na ƙaguwa ya zama shi ne ya fara gani, ya san yadda siririn gajimare ke rikiɗa ya zama jinjirin wata a idon mai ɗoki. Masu tarihin magabata sun ruwaito cewa wata rana a Basra jama'a suka fita duban watan Ramadan, cikinsu har da Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, a lokacin ya tsufa ƙwarai, ya ce ga watan can yana ganinsa, yana nunawa, sauran mutane kuwa ba su ga kome ba. Sai Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin nan da ake buga misali da basirarsa, ya lura da wani silin gashin gira da ya lanƙwaso a gaban idon dattijon, ya sa hannu ya shafe shi, ya ce ya sake dubawa, sai ya ce yanzu ba ya ganinsa. Babu wanda zai tuhumi wannan sahabi da ƙarya. Ya faɗi abin da idonsa ya nuna masa ne. Darasin shi ne, mai gaskiya ma yana iya ganin abin da babu, kuma maganin haka shi ne a kawar da silin gashin a sake tambaya, cikin ladabi, ba tare da an ƙaryata kowa ba.

Abin da kwamitin ya yi ke nan. Da farko sun ƙi su karɓi yawan waɗanda suka ce sun warke a matsayin hujja, suna masu cewa cututtuka da yawa kan tafi da kansu, kuma babu yadda za a san ko maganin ne ya kore su ko kuwa lokacinsu ne ya yi. Sun auna bahon da na'urar gano lantarki da kuma allurar ƙarfe, ba su sami kome ba. Sun zauna da kansu sun riƙe sandunan, har kwana uku a jere, ba su ji abin da za a ambata ba. Daga nan sai suka yi tambayar da ta zama mabuɗin al'amarin duka: me zai faru idan mutum ya zaci ana yi masa aikin alhali ba a yi, kuma me zai faru idan ana yi masa alhali bai sani ba?

Saboda ciwon gaɓɓai da ya hana Franklin zirga-zirga, sai aka kai wasu gwaje-gwajen gidansa da ke unguwar Passy. Deslon ya ce yana iya cusa maganaɗisun a jikin itace, duk mai saurin kamuwa da ya rungume shi kuwa zai faɗi. Ya zo da wani yaro ɗan shekara 12 wanda shi da kansa ya zaɓa. Aka tsare yaron a cikin gida, Deslon ya shiga lambu ya yi aikinsa a kan wani itacen marmari da Larabawa ke kira mishmish, sa'an nan aka ɗaure wa yaron ido da ƙyalle, aka riƙo hannunsa, aka riƙa kai shi ga wasu itatuwa dabam waɗanda ba a taɓa ba, ya rungumi kowanne minti 2. A itace na farko ya soma zufa da tari, ya ce kansa na ciwo. A na biyu ya ce jiri na ɗibarsa. A na uku abin ya tsananta, ya ce yana jin ya kusa isa wurin, alhali kuwa a lokacin ne ya fi nisa da shi. A na huɗu, wanda ke da tazarar ƙafa 24 daga itacen da aka yi wa aikin, sai ya sandare ya suma, aka ɗauke shi aka shimfiɗe a kan ciyawa. Deslon ya ce ai kowane itace na da nasa maganaɗisun na halitta. Kwamitin ya amsa cewa in haka ne, to irin wannan yaro ba zai iya ratsa lambu ba ke nan ba tare da ya faɗi ba.

A gidan Lavoisier aka yi na kofuna. Aka riƙa miƙa wa wata mace kofuna ɗaya bayan ɗaya, tana zaton a cikinsu akwai wanda aka yi wa aikin, alhali babu. Da ta kai na huɗu sai ta faɗi tana makyarkyata. Da ta farfaɗo ta nemi ruwa, sai aka zuba mata a ainihin kofin da Deslon ya yi wa aikin ba tare da an gaya mata ba, ta shanye cikin natsuwa ta ce ta ji daɗi. Wata kuma aka ɗaure mata ido aka ce mata ga Deslon ya shigo yana yi mata aiki, alhali ba ya ɗakin, cikin 'yan mintoci ta shiga irin wannan hali. Wata mai ɗinki aka zaunar da ita kusa da wata ƙofa da aka toshe da takarda, ana hira da ita a kan aikin ɗinki, wani na bayan takardar yana yi mata aikin har rabin sa'a, ba ta ji kome ba. Da aka haɗa waɗannan, rahoton da suka sa wa hannu a watan Agusta na wannan shekara ya yanke hukunci cewa wahami shi kaɗai yana haifar da duk abin da ake gani a ɗakin baho, maganaɗisun kuwa idan aka raba shi da wahami ba ya haifar da kome. Sababan abin su ne shafa, da zato, da kwaikwayon wanda ke kusa. Aka buga rahoton dubbai, aka kuma miƙa wa sarki wani na asiri a kan hatsarin da ke cikin keɓewar maza masu wannan aiki da mata.

Mutanen da suka yi wannan aiki ba su daɗe suna cin moriyarsa ba. Juyin juya halin Faransa ya ɗaga Bailly ya zama magajin garin Paris na farko a shekarar 1789, sa'an nan ya juyo ya fille masa kai a shekarar 1793, Lavoisier ya bi shi a shekarar 1794, dukansu da injin da jama'a suka laƙaba wa sunan abokin aikinsu Guillotin. Mesmer kuwa ya bar Paris ya koma gaɓar tafkin da aka haife shi, ya rasu a shekarar 1815, bai taɓa sauka daga ra'ayinsa ba. Amma ƙyallen da aka ɗaure wa yaron nan ya yi tsawon rai fiye da su duka.

A Amurka wani likita mai suna Elisha Perkins ya sami rajistar wasu 'yan sandunan ƙarfe biyu a shekarar 1796, tsawon kowace kamar inci 3, waɗanda ya ce idan aka shafa su a jiki suna zuƙe ciwo, aka riƙa sayar da su a Ingila da tsada ƙwarai. Sai John Haygarth, likita a garin Bath, ya sa aka sassaƙa irinsu da itace aka shafa musu fenti, a watan Janairu na shekarar 1799 ya gwada su a kan mutum 5 masu tsohon sanyin ƙashi, 4 suka ce sun sami sauƙi. Washegari aka gwada na ƙarfen, sakamakon bai bambanta ba. A shekarar 1835 kuma, a garin Nuremberg na Jamus, aka ƙara wa al'adar wani rukuni: aka jera kwalabe masu lamba, rabi ruwa zalla, rabi ruwan da aka ce magani ne, aka cakuɗa su, aka rufe takardar da ke nuna wace ce wace da hatimi, ta yadda mai bayarwa da mai sha duka ba su sani ba. Ashe an gane cewa ba majiyyaci kaɗai ke da silin gashi a ido ba. Likitan da ke ƙaunar maganinsa ma yana da nasa, kuma labarin zuciya a tambayi fuska, majiyyaci na karanta fatan likita a fuskarsa tun kafin ya buɗe baki. A shekarar 1948 majalisar binciken likitanci ta Ingila ta ƙara rukuni na ƙarshe, lokacin da ta jarraba maganin tarin fuka mai suna sitireftomaisin a kan mutum 107, aka bar wa ƙuri'a ta raba su, don kada likita ya zaɓi masu ƙarfi ya sa a ɓangaren da yake so.

Shi wannan abu na wofi da ake kwatanta magani da shi, Turawa na kiransa filasibo, kalmar Latin mai ma'anar zan faranta rai, kuma tun ƙarshen ƙarni na 18 likitocinsu ke kiran abin da ake ba majiyyaci don a kwantar masa da hankali da wannan suna. A shekarar 1955 Henry Beecher na jami'ar Harvard ya tattara bincike 15 da suka shafi mutum 1,082, ya ce kimanin kashi 35 cikin 100 na samun sauƙi da maganin wofi. Masu bincike na baya sun nuna ya zarce, domin ya lissafa har da waɗanda da ma za su warke da kansu, wato kuskuren da kwamitin Paris ya guje wa tun shekara 170 kafin shi. Duk da haka akwai abin da ya tsaya. A shekarar 1959 a birnin Seattle, aka jarraba wata tiyata da ake yi wa masu ciwon ƙirji na zuciya, inda ake ɗaure wata jijiyar jini: cikin mutum 17, aka yi wa 8 aikin sosai, 9 kuwa aka tsaga fata kawai aka ɗinke, sauƙin da ɓangarorin biyu suka ce sun samu bai bambanta ba, aka watsar da tiyatar. A shekarar 1978 kuma wasu masana uku a San Francisco, Levine da Gordon da Fields, suka ba mutanen da aka cire wa haƙori maganin wofi, waɗansu suka ce zafin ya ragu. Da aka ba su naloksan, maganin da ke toshe aikin mofin, wato maganin kashe zafi, a jiki, sai zafin ya dawo. Wannan ya nuna cewa idan mutum ya sa rai da sauƙi, ƙwaƙwalwarsa na sakin wani sinadari nata mai kashe zafi, ɗan uwan mofin. Abin da Ibn Sina ya hango da basira a kan gungumen itace, ga shi an kama shi da ma'auni.

Sai dai wajibi ne a san iyakar wannan ƙarfi, domin a nan ne rayuka ke salwanta. A shekarar 2011 aka buga wani gwaji da aka yi a Boston a kan masu asma: waɗanda suka shaƙi maganin gaskiya da waɗanda suka shaƙi na wofi kusan daidai suka ce sun ji sauƙi, kashi 50 da kashi 45 cikin 100, amma da aka auna iskar da huhunsu ke iya fitarwa, sai aka ga maganin gaskiya ya ƙara ta da kashi 20, na wofi kuwa kimanin kashi 7 kawai, daidai da waɗanda ba a ba su kome ba. Wahami na rage zafi, yana kwantar da tashin zuciya, yana kawo barci, amma ba ya buɗe huhun da ya tsuke, ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba ya narkar da ƙari. Mutum na iya jin ya warke alhali cutar na cinsa a ɓoye.

Na taɓa tsayawa a bakin wata tashar mota ina kallon mai tallar magani, ya baza kwalabe a kan tabarma, lasifika a hannu, yana lissafa basir da shawara da sanyi da ciwon baya, duk kwalba ɗaya. Wani dattijo ya fito daga cikin taro ya rantse cewa shekara uku yana fama da ƙugu, ya sha wannan ya miƙe. Ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba, kuma ban yi zaton haɗin baki ba ne. Na yarda ƙugunsa ya yi sauƙi. Abin da ni da shi da mai maganin duka ba mu sani ba shi ne ko kwalbar ce ta yi aikin, ko fatan da ya sa a kanta, ko kuwa ciwon ne da ma ya zo gangara, kuma ba mu ji daga bakin waɗanda suka sha ba su ga kome ba, domin irinsu ba su dawowa tasha su yi shela. Mai yiwuwa a cikin saiwoyin nan akwai magani na haƙiƙa, kamar yadda kwinin ya fito daga ɓawon itace. Hanyar da za a fitar da shi daga zato zuwa yaƙini kuwa ita ce wadda aka bi a lambun Passy, kuma girmama maganin iyaye da kakanni ne a kai shi ga wannan ma'auni, domin abin da ake tsoron a auna shi ne abin da ba a amince da shi ba.

Haka nan na san wata gwaggona, Allah Ya jiƙanta, wadda idan aka kai ta asibiti aka sallame ta da ƙwayoyi sai ta dawo tana cewa ba a duba ta ba, amma idan likita ya zaunar da ita, ya ce sannu Baba, ya sa abin awo a ƙirjinta ya saurara, ya tambaye ta barcinta da cin abincinta, to tun a hanyar gida za ka ga tafiyarta ta sake. A da nakan ɗauki wannan a matsayin rigimar tsofaffi. Yanzu na fahimci cewa tana neman rabin maganin ne wanda ba a zubawa a kwalba, rabin da Mesmer ya iya bayarwa ƙwarai ko da yake ya jahilci sunansa, wanda kuma likitan da layi ya yi wa yawa yakan manta da shi.

Mu da muka yi imani cewa waraka daga Allah take, magani kuwa sababi ne, mun fi kowa cancantar mu damu da sanin wane sababi ne na gaskiya, domin wanda ya miƙa wa mara lafiya abin da bai tabbatar ba, ya karɓi kuɗinsa, ya kuma jinkirta shi daga abin da zai amfane shi, ya ci amana sau biyu ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Deslon mutumin kirki ne, ya gaskata abin da yake yi, yaron da ya kawo ma bai yi ƙarya ba, sumansa na gaske ne; duk da haka babu kome a jikin itacen. Likitan da ya yarda a ɓoye masa abin da ke cikin kwalbar da yake miƙawa, har sai an gama ƙidaya an fasa hatimi, ya yi iƙirari ne cewa shi ɗan Adam ne mai son abin da ya ƙirƙira, kuma ran majiyyaci ya fi masa girman ra'ayinsa. Idan ya fito daga wannan jarrabawa da magani tabbatacce a hannu, sa'an nan ya zauna gaban tsohuwa ya ce mata sannu Baba, ya saurari ƙirjinta ba tare da gaggawa ba, to ya haɗa abin da ar-Razi ya nema da abin da Ibn Sina ya sani, sauran kuma sai a bar wa Mai warkarwa.